Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin Sikawut na Nijeriya: a horar da babba kafin a damƙa masa yaran mutane

Zuwa ga shugabannin Ƙungiyar Sikawut ta Nijeriya, da kwamishinoninta na jihohin Arewa, da masu kula da horar da jagorori.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da jama'a baki ɗaya.

Buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma gara in faɗe ta tun yanzu don kada in ci muku lokaci. Kada a ƙara damƙa wa wani babba yaran mutane da sunan sikawut sai an horar da shi, da harshen da yake ji, a kusa da gidansa, da kuɗin da aljihunsa zai iya ɗauka, sannan a ci gaba da leƙa shi bayan an watse daga kwas. Na rubuta a fili ne saboda maganar ba taku ce ku kaɗai ba. Uban da ya biya kuɗin kaki da uwar da ta ƙulle wa ɗanta garin kwaki da ƙuli-ƙuli zai tafi sansani suna da haƙƙin su san wane ne zai kwana da yaron a daji, da kuma abin da aka koya masa.

Ku ma kun san yadda ake zama malamin sikawut a makarantu da yawa. Hedimasta zai dubi malamansa ya ga wanda ya fi ƙuruciya, ko wanda ya taɓa yin Man O' War a kwaleji, ko wanda muryarsa ta fi cika filin taro, ya ce masa, "Malam, daga yau kai ne na sikawut." Magana ta ƙare. Malam ya je wajen tela a ɗinka masa kaki, ya sayi usur da ƙyallen wuya, ranar Laraba da yamma ya tsaya gaban yara arba'in ko hamsin. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Galibi mutumin kirki ne, aikin sa kai yake yi, ba a biyansa ko sisi, wani lokaci ma daga aljihunsa ake sayen ruwan leda. Sai dai mutum ba ya koyar da abin da bai sani ba, abin da wannan bawan Allah ya sani kuwa shi ne hagu-dama, hagu-dama. Shi ya sa a garuruwa da yawa idan ka tambayi mutum aikin 'yan sikawut zai ce maka fareti ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba, sai kuma tare jama'a a bakin rumfa idan babban baƙo ya zo. Yaro ya yi shekara uku yana maci, ya fita bai iya hura wuta da ashana ɗaya ba, bai iya karanta taswira ba, bai taɓa jagorantar ko mutum biyu ba.

Wanda ya kafa harkar ya riga mu cin karo da wannan matsala. Robert Baden-Powell ya gwada tsarinsa a watan Agustan 1907 a tsibirin Brownsea na Ingila da yara kimanin 20. Cikin 'yan shekaru abin ya bazu a duniya, ya iso Nijeriya a 1915. Yara suka yi yawa, manyan da suka san kan abin suka yi kaɗan, Yaƙin Duniya na Farko kuma ya ƙara rage su. A 1919 wani attajiri mai suna William de Bois Maclaren ya ba da fam 7,000 aka sayi filin Gilwell a bakin dajin Epping, kusa da Landan, a watan Satumbar shekarar kuma aka yi kwas na farko na horar da manya a ƙarƙashin Francis Gidney. Shi ne kwas ɗin da muke kira Wud Baj, wato bajon itace, wanda har yau ake yinsa a ƙasashen duniya.

Abin lura shi ne yadda aka tsara shi. Ba a zaunar da manyan a aji an yi musu lacca ba. An kasa su cikin ƙananan rukunoni kamar yadda ake kasa yara, su kafa tantinsu, su dafa abincinsu, su wanke tukunyarsu, shugabancin rukuni yana zagayawa a tsakaninsu, wanda ya ba da umarni yau gobe shi ne mai ɗebo ruwa. Kuma ƙarshen sansani ba shi ne ƙarshen kwas ba. Sai mutum ya koma wurin yaransa ya aikata abin da ya koya, an gani an tabbatar, sannan a rataya masa 'yan itatuwan nan biyu a zaren fata. Na farkon ma daga Afirka suka fito, daga abin wuyan Dinizulu sarkin Zulu, abin wuyan da ya faɗa hannun Baden-Powell a yaƙin 1888. Ganimar yaƙin mulkin mallaka ce, babu abin alfahari a yadda aka same ta, amma wannan zancen wata rana ne.

Dalilin da ya sa aka wahalar da manya haka shi ne, tsarin sikawut ya saɓa wa abin da kowane babba ya saba da shi, balle mu da muka tashi a ajin da malam ke magana ɗalibi na cewa "na'am". A sikawut na gaskiya ana raba runduna rukuni-rukuni, yara shida zuwa takwas, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran. Su ne za su zauna su tsara abin da za su yi a wata, su raba aiki, su lissafa kuɗin cefane, su sasanta rigimarsu. Aikin babba shi ne ya horar da shugabannin rukunonin, ya sa ido kan lafiyar kowa, sannan ya ja da baya ya yi shiru. Wannan shirun shi ne mafi wuya. Za ka ga yaro ɗan shekara goma sha uku yana ɗaure sandunan rumfa a karkace, hannunka yana ƙaiƙayi, ka san za ta faɗi, amma idan faɗuwar ba za ta ji wa kowa ciwo ba sai ka bar ta ta faɗi, daga baya ka tambaye shi, "Me kake gani ya jawo?" Babu wanda aka haifa da irin wannan haƙuri. Ba a kuma samunsa daga takarda. Sai an saka babban a cikin rukuni, ya ɗanɗana yadda ake ji idan na gaba da kai ya ƙwace igiya daga hannunka, kafin ya daina ƙwacewa daga hannun yaro.

Inda babu wannan horo, gwale-gwale ne ke maye gurbinsa. Tsallen kwaɗo, kamun kunne, durƙuso a rana, birgima a ƙasa, duk da sunan ladabtarwa irin ta soja. Sikawut ba soja ba ne, kuma alkawarin da yaro ya ɗauka da dokoki goman da ya haddace babu inda suka ba wa babba izinin wulaƙanta shi. Na taɓa gani da idona, a wata makaranta da ba zan kama sunanta ba, ana atisayen fareti da tsakar rana a watan Mayu, wani yaro ya durƙushe yana riƙe da ƙafa yana kuka. Jagoran ya ɗauka lalaci ne, ya ce ya tashi ya zagaye fili. Ashe yaron mai sikila ne. Jagoran nan ba mugu ba ne, ya fi kowa ruɗewa da aka gaya masa a asibiti. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa zafi da ƙishirwa da gajiya suna tayar da ciwon, ba wanda ya taɓa ce masa ya tambayi iyaye lafiyar yaro kafin ya rubuta sunansa, alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo.

Wannan ya kawo ni ga taimakon gaggawa, kuma a nan nake roƙon ku dage. Littafin da aka rubuta don yaran da ke sansani a Ingila ba zai wadatar da mai kai yara bayan garin Kaltungo ko Birnin Kudu ba. Jagoranmu yana bukatar ya san abin da ke kashe yaro a nan. Idan kububuwa ta sari yaro, abin da jama'a suka saba shi ne a ɗaure ƙafar tamau, a tsaga da reza, a tsotse, a nemo mai magani. Duk waɗannan suna ƙara ɓarna, musamman da yake dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagar sai ta zama wata ƙofar zubar jini. Abin da ya dace shi ne a kwantar wa yaron da hankali, a cire masa zobe ko agogo ko takalmi kafin kumburi, a tallafe gaɓar da itace don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Ke nan dole ne jagora ya san wannan asibitin tun kafin a kafa tanti, ya kuma san motar da za ta kai su da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka ƙuna: ruwa mai tsabta a yi ta kwarara har minti 20, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba. Haka farfaɗiya: ba a cusa cokali a baki, ba a danne mutum, ba a gudu don tsoron yawunsa domin ba a ɗaukarta, a janye abin da zai ji masa ciwo, idan jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefe ɗaya. Haɓo, a sunkuyar da kai gaba a matse hanci minti goma, ba a ɗaga kai sama jini ya bi maƙogwaro ba. Gudawa a sansani, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ya tashi da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya a watannin zafi, ba a jiran gari ya waye, sanƙarau ba ya jira. Farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, danna ƙirji 30 da hura iska 2, wannan kuwa ba a koyonsa da baki, sai mutum ya durƙusa ya yi ta yi a jikin mutum-mutumi har hannunsa ya saba. Ƙungiyar Red Cross tana da masu koyar da wannan a jihohi, 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam suna da mutanen da suka goge a filin Idi da sansanin alhazai. Ba faɗuwa ba ce a gayyace su su koyar a kwas ɗinmu, mu ma mu koya musu abin da muke da shi.

Ruwa kuwa na ware shi daban. A ƙarshen Nuwambar 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Ba 'yan sikawut ba ne, amma irin tafiyar da muke yi ce: yara da yawa, manya kaɗan, abin hawa ɗaya, ga gaggawar a isa kafin dare. Jagoran da aka horar shi ne zai iya tsayawa a bakin ruwa ya ce wa mai jirgi a yi sawu biyu, ko da za a makara, ko da yara za su yi gunaguni. Shi ne ya san cewa idan yaro ya faɗa kududdufi ba a auka masa da ka, a miƙa masa gora ko a jefa masa igiya ko jarkar da aka rufe bakinta. Shi ne ya saba haɗa yara biyu-biyu, kowa da abokin da zai sa wa ido, yana busa usur lokaci-lokaci a ƙirga kai.

Ranku ya daɗe, yanzu zan taɓo maganar da kunya ke hana mu yi, ku gafarce ni. Duk inda aka tara yara, aka ba wa babba iko a kansu, aka kai su nesa da iyayensu, mai mugun nufi zai so ya shigo. Kaki mai kyau da iya magana ba su ne shaidar hali ba. Wanda ke ganin abin ba zai faru a ƙungiya mai daraja ba ya dubi Amurka. Ƙungiyar sikawut ta can, mai dukiya da lauyoyi da tarihin fiye da shekara ɗari, ta je kotu a Fabrairun 2020 ta ce ta karye, saboda ƙararrakin lalata da yara. Mutum fiye da 82,000 ne suka fito suka ce an ci zarafinsu suna yara, aka kuma yi sulhu a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 2.4. Da yawa daga cikinsu sun yi furfura kafin su iya buɗe baki. Idan a can yaro ya yi shiru na shekara arba'in, me muke tsammani a nan, inda za a ce masa ya rufa wa gidansu asiri, inda wanda ake zargin malami ne da ake gaisarwa da girmamawa a unguwa?

Ƙungiyar Sikawut ta Duniya, wadda Nijeriya ta shiga a 1961, ta amince da manufar kare yara daga cutarwa a babban taronta na Baku, a ƙasar Azarbaijan, a 2017. To amma takardar da aka amince da ita a Baku ba za ta tsare yaro a Gumel ba sai ta zama ɗabi'ar jagoransa. Ƙa'idojin kuwa ba su da wuyar ganewa. Manya biyu aƙalla a kowane taro da kowace tafiya. Babba ba ya keɓewa da yaro ɗaya a inda ba a ganinsu, ko nasiha zai yi masa ya yi ta a inda ido ke kaiwa. Babba ba ya kwana a tantin yara. Wurin wanka da bayan gida na manya daban. Ba a tura wa yaro saƙo shi kaɗai a WhatsApp, a tura ta zauren da iyaye ke ciki. Ba a kiran yaro gida da sunan aike ko ƙarin horo. Idan kuma yaro ya zo da magana, a saurare shi, kada a ƙaryata shi, kada a yi masa alkawarin ɓoyewa, a rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, a kai wa wanda aka naɗa don wannan aiki da kuma hukuma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗannan ƙa'idoji ma kariya ce ga jagoran kirki, domin wanda bai taɓa keɓewa da yaro ba, mai ƙazafi ba shi da abin riƙewa a kansa.

Kafin a kai ga horo ma akwai tantancewa. Kowane mai neman jagoranci ya kawo mutum biyu da suka san shi su tsaya masa, mai unguwa ko limami ko fasto ko shugaban wurin aikinsa, kuma a buga musu waya a ji daga bakinsu, kada a tsaya ga takarda. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta buɗe rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a Nuwambar 2019, a riƙa dubawa. Wanda aka sallama daga wata runduna saboda irin wannan zargi kada ya tsallaka ƙaramar hukuma ta gaba ya ɗaura ƙyallen wuya kamar ba a yi komai ba. Dokar haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, jihohin Arewa da dama kuma sun yi tasu a 'yan shekarun nan. Ya kamata jagora ya san abin da dokar jiharsa ta ɗora masa.

Tsaro ba sai na tsawaita ba, kowa ya san inda muke. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024, uban da ya ce ɗansa ba zai kwana a daji ba bai yi laifi ba. Kwas ɗin jagora na yau dole ya koya masa yadda ake auna wuri kafin a je, wa ake sanarwa, yaushe ake fasa tafiya ko da an gama shiri, da yadda ake shirya sansani mai armashi a cikin harabar makaranta mai katanga a tsakiyar gari, ko na yini ɗaya a dawo kafin magariba. Rundunoni da yawa sun daina fita gaba ɗaya saboda jagoran bai san akwai wata hanya tsakanin daji da zaman aji ba.

Na san amsar da za a ba ni: ai kwasa-kwasan suna nan, su ne ba sa zuwa. To mu tambayi abin da ke hana su. Na farko harshe. Harsunan hukuma na ƙungiyar duniya Turanci ne da Faransanci, da su ake rubuta manyan takardunta. Malamin firamare a Ɗanbatta yana jin Turancin da zai cika fom, amma maganar yadda ake gane yaron da aka cutar, ko yadda ake lallashin uba mai taurin kai, magana ce mai laushi da sai da harshen uwa take shiga. Kuma da Hausa zai koma ya yi wa yaransa bayani. A fassara littafin jagora da Hausa mai daɗin karantawa, a buga shi ƙarami mai araha, a naɗi darussan da murya a riƙa turawa ta waya, tunda mai ƙaramar data ya fi iya sauke murya a kan bidiyo. Aikin da aka yi a Kano zai amfani ɗan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba tare da an sake fassara ba.

Na biyu kuɗi da nisa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana mutum zuwa babban birnin jiha, balle wata jihar, ga kuɗin rajista, ga abinci, ga iyali da zai bar wa cefanen mako. Wanda ke aiki kyauta bai kamata ya ci bashi don ya koyi yadda zai yi aikin da kyau ba. Mai horarwa ɗaya ya tafi wurin mutum talatin ya fi sauƙi a kan mutum talatin su taso wurinsa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta daɗe tana koyar da malamai a cibiyoyin da ke kusa da su a ƙarshen mako da lokacin hutu, mu ari wannan dabara. A gutsuttsura matakin farko na horon ya zama Asabar da Lahadi biyu ko uku a hedikwatar ƙaramar hukuma, a ajin makarantar gwamnati da ba a biyan haya, a tsara lokaci yadda ba zai ci sallah ko zuwa coci ba. Kariyar yara da taimakon gaggawa su zama kyauta kuma dole, kafin mutum ya tsaya gaban yaro ko sau ɗaya. Babban sansanin Wud Baj ya zo daga baya a dogon hutu, a nemi hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi da ƙungiyoyin iyaye da malamai su ɗauki nauyin malamansu. Kwalejojin ilimi ma ƙofa ce a buɗe: ɗalibin da ya yi matakin farko kafin ya karɓi takardarsa ta NCE zai isa makarantar da aka tura shi da abin hannunsa.

Kada kuma mu taƙaita ga malaman makaranta. A kowace unguwa akwai ma'aikacin jinya, da kafinta, da mai gyaran babur, da tsohon ma'aikacin gandun daji da ya san sunan kowace bishiya, waɗanda za su ba da yammacin Asabar da farin ciki idan an neme su aka nuna musu hanya. Mata ma haka. Duk inda yara mata ke cikin harka dole a samu jagora mace, kuma ba za a same ta ba idan kwas ɗin kwana bakwai ne a wani gari, babu masauki na daban, babu wurin mai goyo. A yi nasu da rana, a kusa, mata su horar da mata inda aka fi son haka.

Saura abin da ke biyo bayan kwas, wanda a ganina a nan aka fi sakaci a ko'ina. Tun taron Bankok na 1993 ƙungiyar duniya ta amince cewa harkar babba a sikawut zagaye ce: a nemo shi, a yi yarjejeniya da shi a kan aiki da wa'adi, a horar da shi, a tallafa masa, sannan idan wa'adi ya cika a zauna da shi a yanke ɗaya cikin uku, ko ya ci gaba, ko a sauya masa aiki, ko ya huta da godiya. Mu kuwa mun fi son bikin rataya baji da ɗaukar hoto. Akwai 'yan'uwanmu, Allah ya shirye mu baki ɗaya, da suka mai da itatuwan nan ado, mai biyu yana hangen uku, mai uku yana hangen huɗu, alhali uku da huɗu nauyin horar da wasu ne aka ɗora wa mutum. Idan ka tambayi wani rabonsa da tsayawa gaban yara sai ya yi dariya. Ina roƙon kowane mai itace uku ko huɗu a ɗaura masa sababbin jagorori 'yan kaɗan da zai riƙa ziyarta a wurin taronsu, ya zauna a gefe ya kalla, bayan yara sun watse su tattauna. Takardar izinin jagoranci ta zama mai wa'adi, kada a sabunta ta sai an sake bitar kariyar yara da taimakon gaggawa, domin hannun da bai danna ƙirjin mutum-mutumi ba shekara uku ya manta. Wanda ya gaji kuma a ba shi hanyar sauka da mutunci. Da yawa suna riƙe da runduna ne don babu wanda ya taɓa tambayarsu ko suna son hutu.

Ranar 13 ga Maris ce ranar sikawut ta Afirka. Ina roƙon kafin mai zuwa, kowace majalisar jiha ta ƙirga rundunoninta, ta rubuta sunan jagoran kowace ɗaya da matakin horon da ya kai, ta aika wa shugabannin makarantu, yadda uba zai iya shiga ofishin hedimasta ya tambaya a nuna masa. Rundunar da jagoranta bai yi matakin farko ba ta ci gaba da taronta na mako a harabar makaranta da manya biyu, amma kada ta kwana a waje sai ya yi. A fitar da jadawalin kwasa-kwasan shekara da wurarensu da kuɗinsu, a sanar a gidajen rediyon jihohi da Hausa. Mu tsofaffin 'yan sikawut da ke koyarwa muna da yawa, akwai masu iya fassara a cikinmu, akwai masu ajin da ba kowa a ciki ranar Asabar. Ku sanar da ranar zaman farko da wurin da za a yi, za mu zo.

Allah ya taimake ku, ya ƙara muku lafiya.

Naku,
Tsohon ɗan sikawut, malamin makaranta kuma uba, daga Zariya.